Yadda za ki ji daɗin nobel ɗin barkwanci na 'yan NGO da soyayyarsu

Akwai wani irin nobel da ban cika ganin mutanenmu suna ɗauka ba, alhali mu ya kamata mu fi kowa jin daɗinsa, balle mu da muke zaune a Abuja kullum muna ganin fararen Land Cruiser ɗin nan masu doguwar eriya suna kai da kawo tsakanin Maitama da Asokoro da hanyar filin jirgi. Nobel ne na barkwanci a kan ma'aikatan agaji, waɗanda muke ce wa 'yan NGO, yadda suke aiki da yadda suke shirme da kuma yadda suke faɗawa soyayya a wuraren da ba a zaci soyayya za ta tsiro ba. Yawanci waɗanda suka taɓa yin aikin ne suke rubutawa bayan sun ajiye, kuma mafi yawa da Turanci suke. Da ke nake magana 'yar'uwa tunda mu ne muka fi cinye nobel, amma maza ma ku matso, ba a hana ku ba.

Abu na farko, ki cire wa kanki nauyin nan na cewa bai dace a yi dariya a inda ake yunwa ba. Na san mutane da yawa da suka ajiye irin littafin tun a babi na biyu saboda wannan, suna cewa haba, mutane suna kwana a tanti ana ba'a. Toh ai ba da masu kwana a tantin ake ba'ar ba, in dai marubucin ya san abin da yake yi. Ga yadda za ki gane: ki karanta babi uku na farko kina lura da wanda ake yi wa dariya. In kika ga tsohuwar da ke bin layin karɓar masara ita aka mai da sakarya, ko ana kwaikwayon Turancin mai gadi don a yi masa dariya, ki rufe littafin ki nemi wani, ba ki yi asarar komai ba. In kuwa kika ga ogan da ya sauko daga Janiba da jakar kwamfuta, ya kwana biyu a gari ya fara koya wa manoma yadda ake shuka gero, shi ake sa wa ido, toh kin samu na kirki, ki gyara zama. Mu ai mun san dokar wasa tun a gida. Bafillatani da Babarbare za su yi ta zolayar juna har hawaye ya zubo don dariya, amma ranar da ɗaya ya shiga wani hali ɗan'uwansa ba zai tsokane shi da halin da ya shiga ba, sai dai ya kama masa. Da wannan ma'aunin nake auna kowane littafi irin wannan.

Daga nan sai ki ɗan san yadda injin yake juyawa, don rabin dariyar a nan take, kuma wanda bai san aikin ba wucewa zai yi bai ji komai ba. Kuɗin agaji ba ya tashi daga hannun mai bayarwa ya faɗa hannun mai buƙata kai tsaye. Gwamnatin wata ƙasa, a ce Birtaniya ko Jamus ko Tarayyar Turai, za ta ba wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kuma ta ba wata babbar ƙungiya ta waje, waccan ta ba ƙaramar ƙungiya ta cikin gida, ita ce za ta ɗauki samari da 'yanmatan gari su shiga sansanin 'yan gudun hijira da rana tsaka suna ƙidaya. Kowane mataki yana cire kuɗin gudanarwarsa, kuma kowane mataki yana jiran ripot daga na ƙasa da shi. Shi ya sa za ki ga jarumar littafin ta zo da niyyar ceton rayuka amma ta ƙare tana cike fom har ƙarfe ɗayan dare janareto yana ruri. Sannan kuɗin yana da wa'adi, in ba a kashe shi ba kafin shekarar bajet ta cika sai a mayar, kuma mayarwa tana nufin baɗi za a rage, wannan ne sirrin tarukan bitar da kike gani ana yi a otal-otal na Wuse 2 da Garki a ƙarshen shekara, da jaka da biro da kuɗin mota a ambulan. In marubuci ya kwashe babi guda a kan taron bita ɗaya ana gardama a kan kalar da za a buga rigunan taron, ba ƙari ya yi sosai ba.

A taron duniya kan ayyukan jinƙai da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da kuɗi sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin zai riƙa isa ga ƙungiyoyin cikin gida ta hanya mafi kusa. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba, ba a ma kusa ba. In kin riƙe wannan a ranki za ki gane dalilin da ya sa a littafin ma'aikaciyar gida da ta shekara goma a wurin take yin murmushi kawai duk lokacin da sabon oga ya tara su ya ce daga yau ku ne za ku jagoranci komai.

Akwai kuma lambobin da suke yawo a bakinsu kamar wuridi. Lita 15 ta ruwa ga mutum ɗaya a rana, banɗaki ɗaya ga mutum 20, abinci mai ƙarfin kalori 2,100. Waɗannan ma'aunai ne na gaske da ƙungiyoyin suka amince da su a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a ba ɗan'adam. Akwai siririn tef ɗin awo da ake naɗa wa yaro a damtse, mai kore da ɗorawa da ja, in awon ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, tamowa ta yi tsanani kenan. Sai 'yar ledar nan ta Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da suga da mai wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, kowace leda kalori 500, wadda iyaye mata a Arewa suka san ta sarai a asibitocin tamowa. In littafin ya nuna ma'aikaci yana satar lasa a ɓoye don ya rasa abincin rana, ki yi dariyarki, amma kin san abin da ya lasa kuma kin san na waye.

Su kuma gajerun haruffan nan da suke jerawa, WFP, OCHA, WASH, IDP da sauransu, kar su tsorata ki. Ki samu 'yar takarda ki saka a bayan littafin, duk wanda kika ci karo da shi ki rubuta, wanda aka fassara ki sa ma'anarsa, wanda ba a fassara ba ki wuce abinki. Sau da yawa da gangan marubucin yake cika jimla da su don ki ji yadda sabon shiga yake ji a mitin ɗinsa na farko, kowa yana gyaɗa kai shi kuma bai tsinci komai ba.

Inda na fi so ki rage gudu shi ne babin ranar rabo, kusan kowane littafi irin wannan yana da shi. Buhuna a jere tun asuba, mata sun yi layi da katin rabo a hannu da goyo a baya, rana ta fara zafi, amma ba za a buɗe buhu ko ɗaya ba sai an ɗaura ƙyallen da ke ɗauke da tambarin mai ba da kuɗi, kuma igiyar ɗaurawar an baro ta a ofis. An samo igiya, iska ta juya ƙyallen. An gyara, sai mai hoto ya ce a juya layin gaba ɗaya don rana tana bayansu. Sannan baƙo ya tashi ya yi jawabi na minti ashirin a kan juriya da haɗin gwiwa, tafinta ya saurara har ƙarshe ya juyo ya ce wa jama'a, ya ce sannunku, yanzu za a fara. A nan ki tsaya ki kalli tafintan nan da kyau. Shi kaɗai ne a filin yake jin ɓangarorin biyu, ya san matan nan tun jiya ba su ɗora tukunya ba, ya kuma san in bai bar baƙon ya gama jawabinsa ba zai iya rasa aikinsa. Mu da muka san Borno mun san abin ya ma fi haka sarƙaƙiya, don sau tari daga Turanci ake juyawa zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Barbarci ko Shuwa ko yaren mutanen Gwoza, kafin magana ta isa kunnen tsohuwa ta sha hannu uku. Baturen da ke karanta littafin a Landan zai yi dariyar ƙyalle, ke kuma za ki ji har abin da tafintan ya haɗiye bai faɗa ba.

Toh mu zo kan soyayyar, don na san ita wasu suke jira. Ki sauke tsammanin da kika saba da shi a littattafanmu. A namu abin da ke shiga tsakanin masoya iyaye ne, ko kishiya, ko wani Alhaji da ya rigaya ya kai kuɗi, ko lefe. A nan babu ko ɗaya, abin da ke raba su kwantiragi ne. Shi nasa wata shida ne, ita nata shekara, kuma duk bayan makonni shida ko takwas, gwargwadon haɗarin wurin, ana ba ma'aikacin waje hutun sararawa ya fita ƙasar na 'yan kwanaki, sai ya zamana in ya dawo ita ta tafi, in ta dawo an tura shi Sudan ta Kudu. Suna zaune a gida ɗaya mai doguwar katanga da waya a sama, akwai dokar hana fita da yamma, babu inda za a je zance, kowa ya san motsin kowa, har mai kula da tsaro yana kiran sunaye a oba-oba da dare a tabbatar kowa yana ɗakinsa, kin ga kuwa nan akwai abin dariya in aka kira ɗaya aka ji amsa daga oba-oban ɗayan. Soyayyar tana saurin kamawa saboda tsoro da kaɗaici sun haɗa su, kuma tambayar da littafin yake yi a ƙasa-ƙasa ita ce, in aka fitar da mutanen nan biyu daga wannan katangar aka ajiye su a gari mai lafiya, za su iya zaman awa ɗaya suna hira? Ki riƙe tambayar kina karantawa, kar kuma ki ji haushi in ba a ƙare da ɗaurin aure ba, da yawa a filin jirgi suke ƙarewa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce in soyayyar ta haɗa ma'aikacin waje da na gida. Ofis ɗaya, aiki ɗaya, amma albashi ba ɗaya ba, inshora ba ɗaya ba, kuma ranar da gari ya rikice jirgin da zai zo kwashe mutane fasfo yake dubawa. An gani a Kabul a watan Agustan 2021, an sake gani a Khartoum a watan Afrilun 2023, 'yan waje suka fita, 'yan gida da yawa suka zauna da iyalansu a cikin wutar. Marubuci mai gaskiya ba zai ɓoye wannan ba ko da yana cikin ba ki dariya. Ki lura da ƙananan abubuwa, wa yake biyan kuɗin abinci, wa yake zama gaban mota, ko ya taɓa zuwa gidansu ya gaida mahaifiyarta ya zauna a tabarma, ko ya iya faɗin sunanta daidai. A nan za ki gane ko so ne ko kuwa ɗebe kewa ne.

Akwai iyaka ɗaya da bana yi wa kowane littafi uzuri a kanta. In aka nuna ma'aikaci yana neman yarinyar da sunanta ke cikin jerin masu karɓar tallafinsa, aka kuma shafa wa abin zuma aka kira shi soyayya, wallahi wannan ba soyayya ba ce, cin zali ne, don wadda abincin gidansu yake hannunka ba ta da bakin cewa a'a. A 2002 wani bincike a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo ya fallasa yadda ake musayar kayan agaji da lalata, a 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da doka ta haramta wa ma'aikatanta hakan, sannan a 2018 irin wannan lalatar da wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam suka yi a Haiti ya fito duniya ta ji. Littafin kirki in ya taɓo wannan za ki ji muryarsa ta canza.

Ki kuma sani al'adarsu ba tamu ba ce. Za ki ci karo da shan giya da zaman da ba aure, wasu shafukan sai dai ki tsallake, don haka ki fara karantawa kafin ki miƙa wa ƙanwarki.

Wani abin da zai ƙara miki daɗi, ki riƙa bin direba da kuku da mai gadi da 'yar shara. Ki duba ko an ba su suna, ko suna da gida da 'ya'ya da nasu ra'ayin, ko kuwa ana kiransu ne kawai in za a buɗe get. A aikin gaske mafi yawan ma'aikatan agaji 'yan ƙasa ne, kuma direba ya fi kowa sanin hanyar da ake bi da wadda ba a bi, ya san shingen da ake sauke gilashi a yi gaisuwa da wanda ake wucewa shiru. Kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa ko maƙwabci da ya yi irin aikin nan a Maiduguri ko Damaturu ko Yola. Ki kira shi ki karanta masa shafi ɗaya ki ce Yaya, wai haka ake yi? Ki ga yadda zai ƙyalƙyale da dariya ya ɗora miki da nasa labarin, na jiran jirgin UNHAS, wato jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ɗaukar ma'aikatan agaji, tun safe a ce an ɗage, ko na hawa mai saukar ungulu zuwa Monguno ko Ngala da jakar da aka auna nauyinta har sau biyu. Na sha yin haka kuma labarin da nake samu yakan kai na littafin daɗi.

Game da yadda za ki karanta, kar ki yi masa zama ɗaya irin wanda muke yi wa nobel ɗin WhatsApp har asuba. Barkwanci in ya yi yawa a lokaci ɗaya gundura yake. Babi ɗaya ko biyu ya isa, kuma in kina cikin masu fitowa daga Mararaba ko Nyanya da safe, cunkoson nan kafin ki kai AYA ya ishe ki babi guda cif, in dai ba ke ce ke tuƙi ba. Kar ki tsaya duba ƙamus a kowace kalma, ki bar labarin ya ja ki, sai wadda ta maimaitu sau uku ba ki gane ba ki duba a waya. Ki lura kuma marubutan Ingila suna da wata irin ba'a ta sanyi, mutum zai ce an ɗan samu matsala alhali sito ne ya ƙone ƙurmus, in kika ga magana ta yi sanyi fiye da abin da ya faru toh nan ne wurin dariyar. In kuna da ƙawaye masu son karatu ku haɗu ranar Asabar a Millennium Park ko bakin tafkin Jabi, ɗaya ta karanta da ƙarfi, wata ta sake ba da shi da Hausa yadda za ta ba kakarta, za ku ga wurin da bai ba ku dariya da Turanci ba ya sa ku riƙe ciki. Kuma don Allah in da hali ki sayi littafin a shago ko ta intanet, ki bar PDF ɗin sata da ake turawa, marubucin ma guminsa ne.

Kusan kowanne mai kyau a cikinsu yana da babin da dariya take ɗaukewa, wata mota ba ta dawo ba, ko yaron da aka saba gani a bakin asibiti an wayi gari babu shi. Kar ki tsallake shi don kin zo neman nishaɗi, shi ne yake ba sauran babukan nauyi. Mu a garin nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ranar Juma'a 26 ga Agustan 2011, cikin azumi, aka kai harin bam ginin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke nan Abuja, mutum sama da 20 suka rasu. A watan Maris na 2018 aka sace ungozoma biyu masu aiki da Red Cross a garin Rann na jihar Borno, Saifura Khorsa da Hauwa Liman, aka kashe su a watan Satumba da Oktoba na shekarar, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. 'Yanmatanmu ne, ba daga wata ƙasa suka zo ba. Kuma ba sai kin je Borno za ki ga mutanen da littafin yake magana a kansu ba, ga sansanin Durumi nan kusa da Area 1, ga na Kuchingoro a hanyar filin jirgi, mutanen Gwoza da yawa suna can tun bayan da garinsu ya faɗa hannun Boko Haram a 2014. In karatun ya motsa miki zuciya kika so zuwa, ki fara neman shugabannin sansanin ki tambaye su abin da suke buƙata kafin ki sayi komai, ki kuma bar wayarki a jaka, sun gaji da hoto.

Sai ki duba shekarar da aka buga littafin da ƙasar da aka ajiye labarin kafin ki saya, don aikin ya canza ƙwarai. Wanda aka rubuta a kan shekarun 1980 ko 1990 za ki tarar da wasiƙa da rediyo da jiran sati uku kafin amsar masoyi ta iso, na bayan 2010 kuma imel ne da rabon kuɗi ta kati da ƙorafin rashin netwok. Sannan a watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a waje, daga baya aka rufe hukumar agajinta, USAID, ɗungurungum, ofisoshi da dama a nan Abuja da Maiduguri suka sallami ma'aikata, wasu ayyukan suka tsaya cak. Duk littafin da aka rubuta kafin nan yana ba'a ne da zamanin da kuɗi yake da yawa har ana neman inda za a kashe shi, don haka in za ki karanta wa ɗan'uwanki da aka sallama babin taron bitar otal, ki fara tambayarsa ya gida ya yara, ki ji yanayinsa tukuna.